Zabirar Na-Allah

Tun da na dawo daga Faransa bakina bai huta ba. A gidan biki a tambaye ni, a gidan gaisuwa a tambaye ni, har mai kawo mana ruwa sai da ya aje kura ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne can ta ƙarƙashin ƙasa jirgi ke bi?" Na gaji da maimaici, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata. Mai son labarin dogon ƙarfen nan da ake ɗaukar hoto a gabansa ta yi haƙuri. Ta tagar mota na hango shi, ban kuwa ga abin da ya fi eriyar gidan rediyo da shi ba.

Haihuwa ce ta kai ni. Autata Nafisa tana karatu a Lyon tare da mijinta Abdulkarim, cikinta ya tsufa, ba ta da mace ko ɗaya ta gida a kusa. Wahalar biza ba zan ba ku labarinta ba, kada hawan jinina ya tashi.

Ana jibi zan bar Maraɗi sai ga sallamar Inna Hurera. Tsohuwa ce daga wani ƙauyen bakin iyaka, tana cikin waɗanda 'yan bindiga suka koro, mai unguwarmu ya rarraba su gidaje. Ita ɗakin zauren maƙwabcinmu ta samu, abincinta kuwa karɓa-karɓa muke yi: yau akushi ya fito daga gidana, gobe daga na gaba. Mijinta wanzami ne, a harin aka kashe shi. Ɗanta na fari ya shiga duniya tun daga nan, yana kiran wani ɗan'uwansu jefi-jefi, daga Aljeriya, daga Libiya, har ya ce ya kai Paris. Sai shiru. Damina ta wuce, aka yi girbi, babu labari. Dangin uban suka yanke cewa ya mutu, har suka haɗa geron sadaka suka aiko mata. Ta jingine buhun a bayan ƙofa, ta ce ba mai daka shi sai wani ya je ya duba da idonsa.

Bayan mun gaisa ta warware gefen zanenta, ta fiddo tsohuwar zabira, jakar fatar nan da wanzamai ke ratayawa, da asake a ciki.

"Ta ubanshi ce, Hajiya. Ki kai ma yaron nan. Unguwarsu Lashafel. In kin tahi ki tambayi gidan wanzamai, kowa ya gwada miki."

"Mi ne ne sunanshi, Inna?"

Ta sunkuyar da kai. "Na-Allah ake ce mishi."

Na san laƙabi ne. Na kuma san ɗan fari ne, ba za ta faɗi sunan yanka ba ko da wuƙa a wuya. Ni kaina, da duk shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, har yau sunan nawa ɗan farin bai taɓa fita bakina ba. Na ce a raina, Na-Allah, wanzami, ɗan Maraɗi, guda nawa za a samu a gari ɗaya? Na karɓi zabira na ce Allah ya sa in same shi.

Daga Maraɗi zuwa Yamai babbar motar fasinja da muke ce wa kar na shiga, wuni guda muna tafe, ƙafafuna suka kumbura kamar burodi. A Yamai na sayi kilishi mai yawa saboda mai jego. Zabira kuwa a jakar hannuna na sa ta, don amana ba ta nisa da jiki. Da aka tura jakar cikin na'urar filin jirgi sai ma'aikacin ya kira abokinsa, suka zazzage asake a kan tebur.

"Hajiya," in ji shi, "wa za ki yi ma kaciya cikin jirgi?"

Layi duka ya kwashe da dariya, ni ban yi ba. Na ce masa kayan maraya ne, in ya riƙe su shi da Allah. Ya dube ni, ya dubi asaken, ya sa aka nemo mini babban akwatina da har an shigar, na cusa zabira a tsakiyar zannuwa. Ni ce ta ƙarshen shiga jirgi, kowa yana harara ta.

A Paris kare ne ya tarbe ni. Wani ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina kamar mai jiran sadaka, ashe ma'aikacin duwan ne, wato kwastan. Wata Baturiya ta sa safar roba ta buɗe kayana, ta ɗaga kilishi ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi mata Faransancin da na daɗe ban yi ba, na ce wannan ya sha rana ya sha wuta, ya fi ta lafiya. Ta ce ta yarda, ta jefa shi a kwandon shara ina kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Daddawa ce ta rama mini: ta buɗe ƙullin, ta ja da baya tana toshe hanci, ta ce in tafi da abina.

Wanda ya zo ɗaukata Sabi'u ne, tsohon ɗalibina, yanzu yana binciken ruwan sha a wata jami'a, har da furfura. Yaron da na sha zanewa saboda makara, shi ne ya riƙe mini hannu a kan matakalar nan mai tafiya da kanta, yana cewa, "Madam, ki ɗaga ƙahwa, yanzu!" Gidansa a Saint-Denis yake. Muka shiga metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, mai lamba goma sha uku, mutane cunkushe kamar buhunan albasa, amma shiru kamar ana jana'iza. Na yi sallama da na shiga, ba wanda ya amsa, wata ma ta ƙara rungume jakarta. Matarsa Zalika ta yi mini shinkafa da miyar gyaɗa. Bayan an ci ta kawo wani cuku na Turawa wai in ɗanɗana. Da na shinshina na ce, mutanen da ke cin wannan su ne ke toshe wa daddawa hanci?

Da na ce wa Sabi'u gobe zai kai ni Lashafel gidan wanzamai, sai ya aje cokali.

"Madam, Porte de la Chapelle ba unguwa ba ce irin wadda kike nufi. Amma gani ya kori ji."

Wurin mahaɗar manyan hanyoyi ne, gada bisa gada, motoci suna wucewa ta saman kanka. A ƙarƙashin gadojin nan baƙin haure ke kafa tantuna suna jiran a saurare su. Mu ba mu tarar da tanti ko ɗaya ba. An kewaye wurin da waya, an jera manyan duwatsu don kada wani ya sami inda zai miƙe, ma'aikata suna wanke ƙasa da mesa. Na ga takalmi wari ɗaya, na ga butar shayi a lotse. Samari suna tsaye gefen hanya suna tallar sigari a ɓoye. Na ce, "Inna lillahi, Sabi'u, ina mutanen?"

Wani baƙin mutum da ke zaune kan dutse ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, Hausa nika ji?"

Sunansa Adam, daga Sudan. Kakanninsa sun tashi aikin hajji a ƙafa, suka zauna a hanya ba su dawo ba. Hausarsa irin ta kakata ce, har na ji kamar in ce ya yi ta magana. Ya ce shekaranjiya da sassafe aka kewaye wurin, aka jera kar-kar, aka ce kowa ya shiga. Shi ya tafi neman ruwan alwala, ya dawo ya tarar an kwashe.

"Ina aka kai su?"

"Gari-gari. Wanda ke gabanka a layi gabas, kai yamma. Ba a tambayar kowa."

Na ce ko ya san Na-Allah. Bai sani ba. Na ce wanzami ne, ɗan Nijar. Sai ya cire hularsa ya shafa kansa.

"Mai aski! Ga aikinshi nan. Da reza tsirara yake yi, bai taɓa yanka kowa ba. Nijar muke ce mai, nan kowa da sunan ƙasarshi ake kira nai. Ya shiga mota, da idona na ga bayanshi."

Na zauna kan dutsen da aka aje don hana zama. Yana da rai, ko aƙalla shekaranjiya yana da shi.

Adam ya nuna mana wata tsohuwar Baturiya da ke raba kafe, wato kofi, daga bayan ƙaramar mota, Madam Odil. Ta girme ni, ga wando, ga sigari a baki, amma duk samarin nan Mama suke ce mata. Ta ce tana da abokan aiki a garuruwan da aka kai mutanen, za ta tambaya, in ba ta sunansa da na ubansa. Na ce Na-Allah. Ta ce, "Sai kuma?" Nan na san na taho Faransa da rabin saƙo.

Na kira Alhaji mijina a salula, na ce ya taka zaure ya ba Inna salular. Muka gaisa a gajarce, na ce mata an gan shi da rai, amma sai da sunan yanka za a gano inda yake. Ina jin numfashinta, ina jin akuyar maƙwabta tana kuka a Maraɗi.

"Inna, don Allah. Sau ɗaya."

Can ta ce, "Sunan mai gawayin bakin masallaci gare shi."

Alhaji ya daɗe yana sayen gawayi wurin mutumin nan, bai taɓa sanin yana da wani suna ban da Mai Gawayi ba. Ya sa takalmi ya tafi da kansa, ya kira ni yana haki: Iliya. Sunan uban kuwa ban ma wahalar da kaina ba, matar da ba ta faɗi na ɗa ba ina za ta faɗi na miji? Wata 'yar ƙauyensu aka nemo ta ce Garba.

Madam Odil ta ga mun daɗe, ta tambayi Sabi'u abin da ke faruwa. Da ya bayyana mata ta zare ido ta ce, wato uwar ba ta son shi? Na ce mata a'a, son ne ya yi yawa har ba ya faɗuwa. Sai ta ce ita kullum tana kiran sunan ɗanta, shi ne ba ya amsa waya. Ta kama ni ta sumbace ni a kumatu biyu, warin taba har cikin hijabina.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an biyo shi, kafin in gama lazimi gonaki sun wuce, shanu sun wuce, ban ga makiyayi ko ɗaya ba. Nafisa tana Minguettes, unguwar dogayen benaye, kowane kamar ɗan'uwansa. Ɗakinsu can sama yake, in ka leƙa taga mutane kamar tururuwa. Ban daɗe da zuwa ba ta sauka lafiya, namiji. Ruwan wankan jego daga famfo yake fitowa da zafinsa, babu itace babu ganyen darbejiya, ni dai ban yarda ya ratsa ƙashi ba. Kunun kanwa kam na dama, don da kanwata na zo. Ranar da aka sallamo su daga asibiti na kunna turaren wuta, sai wani abu mai jin hayaƙi a rufin ɗaki ya fasa ihu, jariri ya ɗauka, Abdulkarim ya hau kujera yana fifita shi da tawul. Ihun ne ya fito da maƙwabciyarsu, wata tsohuwa 'yar Aljeriya. Ta ga jariri ta yi guɗa irin tasu, ta koma, ba a jima ba ta dawo da tire cike da kuskus. Na ce ashe dai akwai masu kai akushi a garin nan.

Rigimata da Abdulkarim a kan askin suna ce. Ya ce babu wanzami a Lyon, da injin aski zai yi da kansa. Na ce jikana ba tunkiya ba ne. Muna cikin haka Madam Odil ta kira: an sami Iliya Garba, a wani tsohon otal da aka zuba su, a wani ƙaramin gari da ba shi da nisa da Lyon. Na dubi surukina na ce, "To ga wanzami."

Ranar suna da safe ya je ya ɗauko shi. Dogo ne, siriri, cikin wata rigar sanyi da ta yi masa yawa. Tun daga bakin ƙofa ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ina kwana, Mama. An zo lahiya? Ina su Inna?"

"Tana nan, ta hana a yi maka sadakar mutuwa."

Ya rufe fuska da hannu. Salularsa, in ji shi, ta tafi cikin motar shara tare da tantinsa tun wani kwashe da aka yi musu a baya, duk lambobin suna ciki. Na zuba masa kunu, na ce ya ba ni labari, don ni matambayiya ce.

A Aljeriya yana aikin gini aka zo aka tattara duk wani baƙar fata, aka loda su a manyan motoci, aka zube su cikin hamada aka nuna musu hanyar Assamaka, garin bakin iyakar Nijar, da yatsa. Ya sake tashi ta Libiya, ya hau teku, ya sauka Italiya, aka ɗauki zanen yatsunsa. A iyakar Faransa aka sauke su daga jirgin ƙasa, su duka, aka mai da su baya. Ya bi ta duwatsu a ƙafa. Sai Paris, sai kar.

"Mama, duk inda aka kwashe mu ƙirga mu ake kamar awaki. Har yau ba wanda ya zaunar da ni ya ce, kai, mi ya koro ka daga gida? Ni shi kaɗai nike so. In an ji aka ce in koma, sai in san an ji."

Abdulkarim ya yi mini bayanin dokar. Wai a ƙasashen Turai baƙo na ƙasar da ya fara taka ne. Tunda Italiya ta ɗauki yatsun Iliya, Faransa za ta ce ba nata ba ne, ya koma can. Italiya kuma tana bakin teku, kowa ta nan yake shigowa, tana kukan sun yi mata yawa. Sun daɗe suna taro a kan yadda za su raba nauyin, kowa yana tura wa ɗan'uwansa.

Abin ya ɗaure mini kai. Na ce wato da haka muke yi, da duk 'yan gudun hijirar nan gidan da ke bakin hanya za a bar wa su, don ƙofarsa suka fara bugawa? Ba na ce mu waliyyai ba ne. Ranar da mai unguwa ya ce in riƙa fidda akushi sai da na yi gunaguni, kuma ina yarinya na ga 'yan'uwanmu da ƙasashen maƙwabta suka koro a manyan motoci, da tabarmi da tukwane, su ma ba a tambayi kowa sunansa ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan ko mai unguwarmu da bai shiga aji ba ya sani. Mutanen da suka iya haƙa hanya a ƙarƙashin birni, a ce rabon baƙi ya gagare su?

Na ɗauko zabira na aje a gabansa. Bai taɓa ta nan da nan ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauka ya shinshina fatar, ya fiddo aska ɗaya ya gwada kaifinta a gashin hannunsa. Ya nemi ruwan ɗumi da sabulu.

Ɗakin ya cika da ɗaliban Nijar, rabin maganarsu Faransanci, ga 'yar Aljeriya a kan kujera. Na rungumi jariri, Iliya ya durƙusa. Nafisa ta kira Alhaji ta bidiyo, ya kai wa Inna Hurera salula. Fuskarta ta cika gilashin, ta matso da ido sosai. Iliya ya ce, "Inna, ina kwana." Ba ta amsa masa ba. Kallo kawai take, aska tana bin kan jariri, gashi yana zuba a farin ƙyalle.

Sai ta ce, "Hajiya, ki ce ma yaron nan ya kwantar da askar. Ubanshi ba haka yake riƙe ta ba."

Ya kwantar da ita. Yana dariya, hawaye na ɗiga a kan hannunsa, ni ma sai da na nemi gefen hijabi. Ya gama tas, ko ƙwarzane babu. Abdulkarim ya ɓoye injinsa, bai sake maganarsa ba.

Na yi arba'in ɗin Nafisa na dawo. Kafin in taso an riga an sanar da Iliya cewa Italiya za a mai da shi, wata lauya tana ƙoƙarin a bari a saurare shi a inda yake. Har yau da nake rubutun nan ba a gama ba.

Inna Hurera ta bari sai da 'yan sannu da zuwa suka watse sannan ta shigo. Ta zauna bakin tabarma.

"Ya rame?"

"Ya rame, Inna. Amma lahiyarshi lau."

Na faɗa mata komai, har dokar ƙofar farko, na yi iya ƙoƙarina in sa ta gane. Ta saurara har na gama, ta ce, "Su mutanen Italiyan, ba su da maƙwabta?"

Na ce suna da su.

Washegari na ji ƙarar daka na tashi daga zauren maƙwabcinmu, na leƙa. Buhun nan na bayan ƙofa ne aka kwance, mata biyu suna daka, Inna tana bakace. A makon an kawo wasu sababbin 'yan gudun hijira, mace da 'ya'yanta, an sauke su a gidan liman. Inna ta aika wa mai unguwa cewa a sa ta cikin masu karɓa-karɓa. Akushin ranar daga ɗakinta ya fito.